Lissafin Rai: Yadda Ake Haɗa Kan Aikin Lafiya Da Abinci A Sansanin 'Yan Gudun Hijira

 A wannan fitowa ta mujallarmu na kawo mana darasi daga sashenmu na nazarin abinci mai gina jiki, amma kada 'yan sauran sassa su buɗe shafi na gaba tukuna. Idan kana karanta lissafi da ƙididdiga, ko injiniyan gine-gine, ko kimiyyar gwaje-gwaje, ko harkar saye da ajiyar kaya, za ka ga kujerarka a ciki kafin mu ƙarasa. Tambayar da nake so mu amsa ita ce: idan dubban mutane suka tsallako iyaka cikin 'yan kwanaki, ba gida ba rijiya, wa ke tsara yadda za su ci, su sha, su samu magani? Kuma me ya sa a wani wuri a rayu, a wani wuri kuma a yi ta mutuwa alhali masu agaji sun cika gari?

Wane ne ɗan gudun hijira?

A bakinmu na yau da kullum, duk wanda rikici ya kora daga gida ɗan gudun hijira ne. A wurin aiki kuwa an raba su biyu. Wanda ya tsallaka iyakar ƙasarsa ya shiga wata, shi ne yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 ta yi magana a kansa, haka ma yarjejeniyar Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka ta 1969, wadda ta faɗaɗa ma'anar har ta haɗa da waɗanda yaƙi da tashin hankali suka kora. Wanda kuma ya bar ƙauyensu amma yana nan cikin ƙasarsa, ɗan gudun hijira ne na cikin gida, kuma yarjejeniyar Kampala ta 2009 ce ta tanadi haƙƙinsa.

Misali na kusa: mutumin Gwoza da ya gudu Maiduguri yana kashi na biyu. Ƙaninsa da ya haura dutse ya faɗa Kamaru, aka kai shi sansanin Minawao da aka buɗe a 2013, yana kashi na farko. Haka mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina da suka fara kwarara jihar Maraɗi a 2019, da na Borno da ke Diffa. Mu ma muna da baƙi: tun 2017 'yan Kamaru daga yankin masu Turancin Ingilishi suke zaune a Kuros Riba da Binuwai da Taraba.

Amfanin wannan rabe-raben shi ne yana nuna wanda ke riƙe da ragama. Ga waɗanda suka tsallaka iyaka, gwamnatin ƙasar da ta karɓe su ce kan gaba, sai hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNHCR, ta dafa mata wajen haɗa kan sauran. Ga na cikin gida kuwa, tun 2005 aka rarraba jagoranci rukuni-rukuni: lafiya a hannun WHO, tamowa da ruwa da tsafta a hannun UNICEF, abinci a hannun WFP da FAO. To riƙe wannan, don yana fitowa a jarrabawa, yana kuma fitowa a intabiyu.

Abin da ya faru a Goma

Duk wanda zai karanci wannan fanni sai an fara kai shi Goma. A tsakiyar watan Yulin 1994, bayan kisan ƙare-dangin Ruwanda, mutane tsakanin dubu 500 zuwa dubu 800 suka shiga garin Goma na ƙasar Zayar, wadda yanzu ake kira Kwango, cikin kwanaki ƙalilan. Ƙasar wurin dutse ce da aman wuta ya bari, ba ta haƙuwa, don haka masai ya gagara, kabari ma ya gagara. Ruwan sha babu sai Tafkin Kibu, a nan ake ɗiba, a nan ake wanka, ƙazanta kuma tana gangarawa ciki. Kwalara ta ɓarke, atuni mai jini ya biyo bayanta. A wata na farko kaɗai kimanin mutum dubu 50 suka rasu.

Ƙungiyoyin agaji sun zo, da yawa ma kuwa. Sai dai kowa da tantinsa, kowa da irin maganinsa. Wasu ba su taɓa jinyar mai kwalara ba. An riƙa ba da maganin da ƙwayar cutar ta riga ta daina ji, an kuma yi sakaci da ruwan gishiri da sukari, wanda shi ne ginshiƙin jinyar. Binciken da aka yi bayan haka ne ya sa ƙungiyoyin suka zauna a 1997 suka kafa shirin Sphere, wanda ya fitar da littafin mafi ƙarancin abin da ya wajaba a samar wa mutum a lokacin bala'i. Bugu na huɗu ya fito a 2018, kuma kyauta ake sauke shi a intanet.

Mu yi lissafi

Bari mu ƙaddara sansani mai mutum 20,000. Ku kwatanta da yawan ɗaliban babbar makaranta guda, an zube su a fili ba hostal ba famfo. Ga abin da ma'aunin ya ce.

Ruwa: aƙalla lita 15 ga kowane mutum a rana, na sha da girki da wanka. Wato lita 300,000 ke nan kullum, jarka 12,000 mai cin lita 25. Idan da tanka mai lita 10,000 za a kawo, sawu 30 ne a rana, kuma ba ranar hutu. Famfo ɗaya ga mutum 250, ke nan famfo 80, kuma kada nisansa daga gida ya wuce mita 500.

Masai: ɗaya ga mutum 20, wato guda 1,000. A kwanakin farko ana iya farawa da ɗaya ga mutum 50, a ci gaba da ƙarawa. Kuma sai ya yi nesa da rijiya da aƙalla mita 30.

Abinci: ana lissafin kalori 2,100 ga mutum a rana. Ɗaya daga cikin misalan rabon da hukumomin ke amfani da shi shi ne hatsi giram 400, wake giram 60, mai giram 25, garin kunu mai ƙarin sinadarai giram 50, sukari giram 15, gishiri giram 5. Jimla giram 555. Ku ninka da 20,000, za ku samu tan 11 da 'yan kai a kullum, nauyin buhu 222 mai kilo 50. A wata guda tan 333. Ina sito? Ina mota? Idan damina ta yanke hanya fa?

Sai lamba mafi nauyi, ta mace-mace. Idan mutuwa ta haura mutum 1 cikin 10,000 a rana, ko yaro 2 cikin yara 10,000 'yan ƙasa da shekara 5, an shiga halin gaggawa. A sansaninmu na misali, idan ana binne fiye da mutum 2 a rana, akwai abin da ya lalace. A Goma an kai 20 zuwa 35 cikin 10,000 a rana. Shi ya sa ma'aikata ke ƙirga sababbin kaburbura, suna rubuta yawan likkafanin da aka bayar, saboda ba kowa ke mutuwa a asibiti ba.

Kun lura cewa ba hukuma ɗaya ce ke riƙe da waɗannan lambobin ba? Ruwa na wani, masai na wani, abinci na WFP ne idan yawan mutanen ya haura 5,000, asibiti kuma na wata ƙungiya. Mutum ɗaya ne dai ke buƙatarsu duka, a rana ɗaya.

Yaro ɗaya, ofis biyar

A nan ne darasin ya fi shafar sashenmu. Tamowa da cuta abokan tafiya ne. Yaron da bai ƙoshi ba garkuwar jikinsa ta yi rauni, gudawa ko ƙyanda ta kama shi, cutar ta hana shi cin abinci, ya ƙara ramewa, wata cutar ta sake samun ƙofa. Haka ake zagayawa har a rasa shi.

Gano tamowa ba ya buƙatar na'ura. Tef ne mai kala uku ake naɗa wa a tsakiyar damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa wata 59. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 ruwan ɗorawa ne, matsakaiciya. Daga 12.5 zuwa sama kore. Sannan a danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa na daƙiƙa 3. Idan gurbi ya zauna a duka biyun, kumburin tamowa ne, mai tsanani ce ko da tef ya nuna kore. Idan bincike ya nuna yara 15 cikin 100 na da tamowa, lamarin ya kai intaha.

Yaron da ke da tamowa mai tsanani amma yana iya ci, ba shi da wata cuta mai nauyi, a gida ake jinyarsa da abincin nan na leda da ake yi da gyaɗa da madara da mai da sukari. Leda ɗaya giram 92 ce, kalori 500, ba a dafawa, ba a haɗa ta da ruwa. A Faransa aka ƙirƙiro shi a 1996, amma a Nijar ya nuna kansa, lokacin yunwar 2005, inda ƙungiyar likitocin MSF ta yi jinyar yara fiye da dubu 60, akasarinsu a jihar Maraɗi kuma akasarinsu a gidajen iyayensu. Wanda kuma ya kasa ci, ko yana da zazzaɓi mai zafi ko ciwon haƙarƙari, sai an kwantar da shi, a fara da madarar F-75 a hankali kafin a hau sama.

To ga inda gizo ke saƙa. Ka ba uwa ledar mako guda, ta koma tanti ta tarar da yara huɗu ba su ci komai ba tun jiya saboda rabon hatsi ya makara. Me kake zato za ta yi? Rabawa za ta yi, kuma ba wanda zai ga laifinta. Mako ya zagayo, ka ɗora yaron a sikeli, bai ƙaru ba. Ko kuma ya warke sarai, ka sallame shi, ya koma unguwar da famfonta ya lalace, ya sha ruwan kududdufi, bayan wata guda ya dawo da ja a tef. Ma'aikacin tamowa ya yi aikinsa daidai, amma yaron ya zube a ratar da ke tsakanin ofishin abinci da ofishin ruwa. Toshe wannan ratar shi ne aikin kodineta.

Wani misali daga tarihi. A Malawi, 'yan gudun hijirar Mozambik sun dogara da rabon garin masara. A 1990 aka samu tsaiko wajen kawo gyaɗar da ake haɗa musu da ita. Ciki yana cika, amma sinadarin niyasin babu, sai cutar felagira ta ɓulla, mai ƙona fata da kawo gudawa da rikita hankali. An ƙirga fiye da mutum dubu 18. Likita yana ganin marasa lafiya, mai sito yana ganin ba gyaɗa, sai an haɗa bayanan biyu kafin a gane abu ɗaya ne.

Me kodineta ke yi a zahiri?

Na farko, ya san yawan mutane. Ba rajista, ba lissafi. Maza nawa, mata nawa, yara 'yan ƙasa da shekara 5 nawa, masu ciki da masu shayarwa nawa.

Na biyu, ya jera abubuwa bisa gaggawarsu. A kwanakin farko rigakafin ƙyanda na gaba-gaba, ga duk yaro daga wata 6 zuwa shekara 15, tare da sinadarin bitamin A, saboda a cunkoso ƙyanda kamar wutar daji take. Sai ruwa da masai, sai abinci, sai jinyar cututtukan da suka fi kisa: gudawa, ciwon haƙarƙari da zazzaɓin cizon sauro. Sai wurin haihuwa, don naƙuda ba ta jiran a gama kafa tanti.

Na uku, jadawali mai tambaya huɗu: wa ke yin me, a ina, zuwa yaushe? Takarda ce kawai, amma ita ke tona cewa ƙungiyoyi uku sun buɗe asibiti a bakin ƙofar sansani inda mota ke isa, can ƙurya kuwa ko ɗaya babu.

Na huɗu, ƙa'ida ɗaya. Ma'anar "mai kwalara" ta zama ɗaya a kowane asibiti, maganin zazzaɓi ya zama wanda ma'aikatar lafiyar ƙasar ta amince da shi, fom ɗin rahoto ya zama iri ɗaya. In ba haka ba, alƙaluman ba za su taru ba.

Na biyar, rahoton mako-mako da zaman da ake karanta shi. Ga yadda zama mai amfani yake: mai asibiti ya ce gudawa ta ninka a unguwa ta huɗu. Kodineta ya juya ga mai ruwa, a duba sinadarin kulorin na tankin unguwar yau ɗin nan. Ya juya ga mai tsafta, masai nawa suka cika a can? Ya ce wa masu tamowa su sake auna yaran unguwar a wannan makon. Kowa ya tashi da aiki da ranar da zai kawo amsa. Zaman da aka sha lemo aka tashi ba wanda aka ɗora wa komai, ɓata man mota ne.

Na shida, iya cewa a'a. Wani bawan Allah zai zo da mota cike da madarar gwangwani ta jarirai, da kyakkyawar niyya. Kodineta na ƙwarai ba zai bari a raba ta barkatai ba, saboda inda ruwa ba shi da tsafta, kwalbar madara hanyar gudawa ce, kuma uwar da ta daina shayarwa nononta zai ragu. Ana ware madarar ne ga jaririn da ba shi da wata hanya, ƙarƙashin kulawar ma'aikaci. Haka magungunan kyauta da suka kusa lalacewa.

Na bakwai, kada a manta masu masauki. A yawancin wurare, kafin wata hukuma ta iso, talakawan gari ne ke fara buɗe rumbu. Idan aka gina asibiti mai magani kyauta ga baƙi, ɗan gari kuma yana saye, an shuka gaba. Shi ya sa yanzu aka fi son a ƙarfafa asibitin gwamnati da ke wurin kowa ya amfana. A jihar Maraɗi, maimakon sansani mai shinge, an zaunar da mutanenmu a jikin garuruwa irin su Cadakori da Garin Kaka, nesa da iyaka, suna amfani da ruwa da makaranta da asibiti tare da 'yan gari.

Na ƙarshe, su kansu masu gudun hijirar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A cikinsu akwai malaman asibiti da ungozomomi da limamai da malaman makaranta. Su za su gaya maka cewa masan da ka gina mata ba sa shiga da dare don ba fitila ba sakata, ko cewa hatsin da ka raba ba a ci ba saboda ba injin niƙa ba itacen girki, an sayar da rabi don a dafa rabi. Yanzu ma iyaye mata ake koya wa auna damtsen 'ya'yansu da kansu.

Shin ana koyon darasi?

Ana koyo. Daga 25 ga Agustan 2017, 'yan ƙabilar Rohingya fiye da dubu 700 suka gudu daga Miyanma zuwa Cox's Bazar a Bangaladesh, ƙasar da kwalara ke zaune a cikinta. Kowa ya tuna Goma. Cikin watan Oktoba gwamnati da hukumomi suka haɗu suka ɗiga wa mutum kusan dubu 700 rigakafin kwalara, ana kuma ta haƙa rijiyoyi da masai. Babbar annobar da ake tsoro ba ta zo ba. Sai dai mashaƙo ya ɓulla a ƙarshen shekarar, saboda yawancin yaran ba a taɓa yi musu rigakafinsa a gida ba. Ka toshe nan, can ta ɓalle, shi ya sa ba a daina sa ido.

Sannan akwai abin da ya fi ƙarfin kodineta, wato kuɗi. A 2023 ƙarancin tallafi ya sa aka rage kuɗin abincin kowane ɗan Rohingya daga dala 12 a wata zuwa 10, sannan zuwa 8, tamowar yara kuma ta ƙaru. Idan kuɗi ya gaza, sai an zaɓi wanda za a fara ba, kuma da alƙaluma masu gaskiya kaɗai ake yin wannan zaɓi ba tare da zalunci ba.

Ina muka shigo?

Aikin kodineta ba a fara shi daga sama. Masu riƙe da shi sun fara ne daga auna damtse, ko gwada ruwa, ko cike fom. Shawarata ga mai sha'awa ita ce ya sauke littafin Sphere ya karanta babin sashensa. Ya iya Excel sosai, ya koyi tattara bayanai da waya ta manhaja irin KoboToolbox. Ya iya rubuta rahoto na shafi ɗaya da mutum zai karanta ya san abin yi. Wanda ke jin Hausa da Kanuri ko Fulatanci ko Larabcin Shuwa ya riƙe su da kyau, ya ƙara da Faransanci in da hali, tunda maƙwabtanmu Nijar da Cadi da Kamaru da shi suke aikin ofis. Masu neman taken furojet kuma, ga fili nan.

Wani abu da ba ya buƙatar satifiket: ruwan gishiri da sukari. Lita 1 ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A sansanin 'yan gudun hijira aka tabbatar da ƙarfinsa, a 1971, lokacin yaƙin Bangaladesh, inda Dakta Dilip Mahalanabis ya ga ruwan ƙarin da ake sa wa ta jijiya ya ƙare, ya koma bai wa masu kwalara wannan haɗin su sha. Mutuwa ta sauko daga kusan 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4. Ku koya wa na gida idan an tafi hutu.

Ga aikin gida, a tattauna a aji ko a hostal. Sansani mai mutum 35,000: lita nawa na ruwa a rana, masai nawa, tan nawa na abinci a wata? Mutuwar mutum nawa a mako ce za ta sa ka ce an shiga halin gaggawa? Kuma idan yaran da aka sallama daga shirin tamowa suna ta dawowa daga unguwa ɗaya, ofisoshi nawa za ka kira zama, me za ka tambayi kowanne?

Allah Ya mayar da waɗanda ke gudun hijira gidajensu lafiya, Ya zaunar da ƙasashenmu, Ya ba mu sa'ar jarrabawa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.